Hoton asibiti da gashin kansa: Darasin da Afirka za ta koya daga unguwar Bloomsbury

Duk wanda ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Euston da ke birnin Landan, ya tsallaka babban titi ya nufi kudu, to ya shiga unguwar Bloomsbury ke nan. Masu yawon buɗe ido sun fi sanin unguwar da babban gidan adana kayan tarihi na Birtaniya. Ɗalibai daga ƙasar Hausa kuwa sun fi saninta da makarantar SOAS, inda aka shafe shekaru masu yawa ana koyar da harshen Hausa. To amma Bloomsbury unguwar asibitoci ce kuma. A nan asibitin koyarwa na University College yake, da asibitin yara na Great Ormond Street wanda aka buɗe a 1852, da asibitin cututtukan ƙwaƙwalwa na Queen Square, da kuma makarantar nazarin kiwon lafiya da cututtukan ƙasashe masu zafi.

A titin Grafton Way, a ƙarƙashin wani sabon gini na asibitin University College, an haƙa rami mai zurfin fiye da mita 28, aka girke wata na'ura mai nauyin tan 90 da ke harba ƙwayoyin furoton domin ƙona cutar kansa. A ƙarshen shekarar 2021 ta fara karɓar marasa lafiya. An kewaye ta da katangun kankare masu kaurin gaske, har yawancin masu wucewa a kan titi ba su ma san tana wurin ba.

Wannan taka-tsantsan ba a rana ɗaya aka koye shi ba. Fiye da shekara ɗari aka yi ana koyo, kuma da yatsun ma'aikata da rayukan marasa lafiya aka biya kuɗin makarantar. Yanzu da asibitoci a sassa daban-daban na Afirka ke ta sayen na'urorin ɗaukar hoto da na gashi, tambayar da masana ke yi ita ce: shin sai nahiyar ta sake biyan wannan kuɗi kafin ta koyi darasin?

Guntun allura a hannun wata mata

A ranar 8 ga watan Nuwamba na 1895 ne wani masani Bajamushe, Wilhelm Röntgen, ya gano wani irin haske da ido ba ya gani, amma yana ratsa tsoka ya fito da inuwar ƙashi. Shi ne ake kira eksire. A farkon 1896, wani malamin kimiyyar sinadarai a University College mai suna Norman Collie ya ɗauki hoton hannun wata mata da allura ta karye a ciki, domin likitoci su san inda guntun ya maƙale. Ana lasafta wannan hoto cikin na farko-farko da aka ɗauka domin aikin likita a Birtaniya.

Ɗokin sabon abu ya sa ba a tsaya tambayar illarsa ba. Ma'aikatan farko sukan sa hannunsu a gaban fitilar domin su gwada ƙarfinta kafin su fara aiki. Sai fata ta yi ja, farce ya zube, gyambo ya fito ya ƙi warkewa. Daga nan a yanke yatsa, wani lokaci har hannu baki ɗaya.

A 1921 wani sanannen likitan hoto na asibitin Charing Cross a Landan, William Ironside Bruce, ya rasu bayan tururin ya lalata masa ɓargo, jikinsa ya daina samar da jini. Jaridu suka yi ca, kuma a cikin shekarar aka kafa kwamitin kariya daga eksire da sinadarin radiyam na Birtaniya. Shawarwarinsa na farko masu sauƙi ne: a kare ma'aikaci da dalma, kada ya wuce awa 7 yana aiki a rana, a ba shi hutun Lahadi da rabin yini biyu a kowane mako, da kuma hutun wata guda a shekara.

A 1925 likitocin hoto na duniya suka yi babban taronsu na farko a Landan. A taro na biyu, a Stockholm a 1928, aka kafa kwamitin ƙasa da ƙasa wanda a yau ake kira ICRP, mai tsara ƙa'idojin kariya daga tururi. A 1936 kuma aka kafa wani dutsen tunawa a birnin Hamburg na Jamus, ɗauke da sunayen ma'aikata 169 daga ƙasashe daban-daban da wannan aiki ya yi ajalinsu. Duk da haka, har cikin shekarun 1970 akwai shagunan takalma a Birtaniya da ke haska ƙafafun yara da eksire, wai don a ga ko takalmin ya yi daidai.

Illar da ke ɓuya

Ƙunar fata kowa na iya ganinta. Wadda ta fi wuyar ganewa ita ce illar da ke ɓuya, domin tururi na iya taɓa ƙwayar halitta a yau, amma sai bayan shekara biyar ko ashirin ta rikiɗe ta zama kansa. Likita ɗaya ba zai gane haka daga marasa lafiyarsa ba. Sai an tara dubban mutane an yi lissafi.

A Bloomsbury aka yi wani muhimmin ɓangare na wannan lissafi. Richard Doll, wanda ke aiki a makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi da ke titin Keppel, tare da abokin aikinsa William Court Brown, sun bi diddigin mutane sama da 13,000 da aka yi wa gashi da eksire saboda ciwon sandarewar ƙashin baya. Rahotonsu na 1957 ya nuna cewa kansar jini ta yi yawa ainun a tsakaninsu, kuma tana ƙaruwa gwargwadon yawan tururin da mutum ya sha. Shekara guda kafin nan, a Oxford, likita Alice Stewart ta gano cewa yaran da aka ɗauki hoton uwayensu suna ciki sun fi sauran yara haɗarin kamuwa da kansa.

Daga irin waɗannan bincike ne aka fitar da ƙa'idoji uku da ICRP ta tattara a 1977. Ta farko, kada a haska kowa sai amfanin ya rinjayi illar. Ta biyu, idan za a haska, a yi da mafi ƙarancin tururin da zai biya bukata. Ta uku, a sa wa ma'aikata da sauran jama'a iyakar da ba za a wuce ba.

Ma'aunin da ake amfani da shi sunansa milisibat. Kowane ɗan Adam yana shan kimanin milisibat 2.4 a shekara daga ƙasa da duwatsu da iska da sararin sama, ko da bai taɓa zuwa asibiti ba. Hoton ƙirji ɗaya kimanin 0.02 ne, wato daidai da abin da mutum ke sha a kwana uku. Amma hoton ciki da na'urar CT na iya kaiwa milisibat 10, wato ɗaruruwan hotunan ƙirji a zama ɗaya. Iyakar ma'aikaci ita ce milisibat 20 a shekara, ta sauran jama'a kuwa 1. Shi maras lafiya ba a sa masa iyaka ba, domin bukatar magani ta bambanta. Kariyarsa tana hannun likitan da ya nemi hoton da ma'aikacin da ya ɗauka.

Kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya kan illar tururi ya ƙiyasta cewa ana yin irin wannan gwaji kimanin sau biliyan 4.2 a shekara a duniya. Hotunan CT kashi 10 ne kawai cikin ɗari na adadin, amma su ke da fiye da kashi 60 na tururin da ake sha. Wani bincike da aka wallafa a 2012 kan yara da matasa kusan 180,000 a Birtaniya ya ƙiyasta cewa a cikin kowane hoton kai 10,000 da aka yi wa yara 'yan ƙasa da shekara goma, za a iya samun ƙarin kansar jini ɗaya da ƙari ɗaya na ƙwaƙwalwa cikin shekaru goma. Haɗarin ƙarami ne, bai kai a hana yaron da ya faɗo daga bene hoto ba. Amma shi ya sa asibitocin yara irin su Great Ormond Street ke rage ƙarfin na'ura gwargwadon shekaru da nauyin yaro.

Ko a Birtaniya an yi kurakurai. A 1988, a wani asibiti a garin Exeter, kuskuren awo ya sa aka ba marasa lafiya 207 gashi da ya zarce ƙa'ida da kashi 25 cikin ɗari. A asibitin North Staffordshire kuwa, kusan mutum dubu aka yi wa gashi ƙasa da yadda ya kamata daga 1982 zuwa 1991 ba tare da an farga ba. A yau dokar ƙasar, wadda aka kafa a 2000 aka sabunta a 2017, ta tilasta a san wanda ya nemi kowane hoto, da wanda ya amince da shi, da wanda ya ɗauka, kuma a kai rahoton duk wani babban kuskure ga hukuma.

Nahiya ɗaya, hali daban-daban

Ba kowa ya san cewa tushen na'urar CT yana da alaƙa da Afirka ba. A 1956 asibitin Groote Schuur da ke Cape Town ya rasa masanin kimiyyar fiziks da zai sa ido a kan sinadarai masu tururi, sai aka aro wani malamin jami'a, Allan Cormack. Ganin yadda ake ƙiyasta gashin da ake ba marasa lafiya ya sa shi tunanin lissafin da zai nuna abin da ke cikin jiki dalla-dalla. A 1979 ya raba lambar yabo ta Nobel da Godfrey Hounsfield, injiniyan da na'urarsa ta fara ɗaukar hoton maras lafiya a Landan a 1971.

Sai dai Afirka mai ƙasashe 54 ba hali ɗaya take ciki ba. Kimanin rabin masu cutar kansa suna bukatar gashi a wani mataki na jinyarsu. Amma wata ƙidaya ta 2020 ta nuna cewa ƙasashe 28 ne kawai ke da na'urar gashi, kuma rabin na'urori 430 da ke nahiyar a Masar da Afirka ta Kudu suke. A 2016, lokacin da na'ura ɗaya tilo ta ƙasar Uganda ta lalace a asibitin Mulago bayan shekara ashirin tana aiki, masu hali suka riƙa tafiya Nairobi, marasa hali suka zauna jira har farkon 2018 da aka kafa sabuwa.

Ke nan matsalar nahiyar baki biyu gare ta. A wani wuri babu na'urar sam, mutane na mutuwa saboda rashin hoto da rashin gashi. A wani wurin kuma akwai na'urar, amma babu mai auna ta. Da yawa daga cikin na'urorin da ke ƙananan asibitoci na hannu ne, an yi amfani da su a Turai ko Asiya kafin a shigo da su. Wutar lantarki mai hawa da sauka tana rikita su. Idan hoto bai fito ba sai a sake, maras lafiya ya sha tururi sau biyu. Binciken malaman jami'o'i a Najeriya da Ghana da wasu ƙasashe ya sha nuna cewa hoto iri ɗaya na iya bambanta ƙwarai a yawan tururi daga wannan asibiti zuwa wancan, kuma ba kowane ma'aikaci ke da ɗan bajon nan da ake maƙalawa a ƙirji don auna abin da jikinsa ya sha ba.

Akwai yunƙurin gyara. Bayan wani taro da aka yi a birnin Bonn na Jamus a watan Disamba na 2012, hukumar kula da makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, da Hukumar Lafiya ta Duniya sun fitar da wani kira mai matakai goma. A 2015, a Nairobi, ma'aikatan hoto na nahiyar suka ƙaddamar da gangamin AFROSAFE domin aiwatar da kiran. A watan Fabrairu na 2022 kuma, a gefen taron ƙoli na Tarayyar Afirka a Addis Ababa, IAEA ta ƙaddamar da shirin taimaka wa ƙasashe su samu cibiyoyin gashi, inda Nijar da Chadi da Benin da Senegal ke cikin rukunin farko.

Akwai kuma wani tsari mai araha da ke gudana tun 1969. Hukumomin biyu kan aika wa asibiti wasu ƙananan ma'aunai ta gidan waya. Asibitin zai haska su da na'urarsa kamar yadda zai yi wa maras lafiya, sannan ya mayar da su ɗakin gwaji da ke kusa da birnin Vienna. Idan bambancin ya wuce kashi 5 cikin ɗari, sai a bi ba'asi. Irin wannan binciken na wani daga waje shi ne ke tona kuskure irin na Exeter kafin ya yi nisa.

Najeriya da Nijar

A Najeriya, tsoron bam ne ya fara jawo hankali ga tururi. A watan Fabrairu na 1960 Faransa ta yi gwajin makamin nukiliya a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, aka shiga fargabar cewa iskar hunturu za ta kwaso burbushin zuwa kudu. Takaddamar ta kai Najeriya ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa a farkon 1961. A 1964 aka kafa sashen sa ido kan tururi a Jami'ar Ibadan. A 1987 aka kafa hukumar yi wa masu ɗaukar hoton asibiti rajista. Dokar kariya daga tururi ta fito a 1995, amma sai a 2001 hukumar da za ta aiwatar da ita, wato NNRA, ta fara aiki. Ita ke ba da lasisin shigo da na'ura, da girka ta, da aiki da ita. A Zariya kuma, cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, mai tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004, tana cikin wuraren da ke karanta bajon ma'aikata.

Dokoki dai akwai su. Ƙalubalen shi ne ƙasa mai mutane sama da miliyan 200 da ɗakunan hoto birjik, daga manyan asibitocin koyarwa na Kano da Sakkwato da Shika zuwa ɗan shagon da ke bayan tasha, ga kuma ƙarancin masu bincike. Bugu da ƙari, likitoci da ma'aikatan hoto da yawa da aka horar a gida suna ficewa zuwa ƙasashen waje, ciki har da Birtaniya.

Ita kuwa Jamhuriyar Nijar, wadda aka fara haƙar yuraniyam a yankinta na Arlit tun 1971, sai a 2021 ta buɗe cibiyar gashin kansa ta farko a Yamai. Kafin nan, mutumin Maraɗi ko Damagaram da ke bukatar gashi sai ya tsallaka iyaka, in yana da hali.

Hattara 'yan gwangwan

Na'urar eksire da ta CT, da zarar an kashe wuta sun daina fitar da tururi. Amma tsofaffin na'urorin gashi masu ɗauke da sinadarin kobal ko siziyam ba a kashe su, ko an daina aiki da su suna nan da ƙarfinsu shekaru masu yawa.

A watan Satumba na 1987, a birnin Goiânia na ƙasar Brazil, wasu mutum biyu suka shiga wani asibiti da aka yi watsi da shi, suka kwance kan na'urar gashi suka sayar wa mai sayen tsofaffin ƙarafa. Da aka fasa shi aka ga wani gari mai walƙiya shuɗiya cikin duhu, aka riƙa rarraba wa 'yan'uwa da abokai. Mutum 4 suka mutu, ciki har da yarinya 'yar shekara shida. An samu burbushin a jikin mutane 249, bayan an gwada kimanin 112,000. A shekarar 2000 aka sake yin irin haka a kusa da Bangkok na ƙasar Thailand, mutum 3 suka rasa rayukansu.

Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Dubban matasanmu ne ke sana'ar gwangwan da bola-jari, daga Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna har zuwa Legas. Ya kamata kowannensu ya san alamar tururi, wadda ta yi kama da farfelar fanka mai kunne uku a kan launin rawaya. Tun 2007 an ƙara wata alamar, ja mai kusurwa uku, da hoton ƙoƙon kai da mutum yana gudu. Duk ƙarfen da ke da nauyi fiye da girmansa kuma yana ɗauke da ɗaya daga cikinsu, kada a fasa shi, kada a kai shi gida. A nisance shi, a sanar da hukuma.

Abin da maras lafiya zai iya yi

Masana na jaddada cewa bai kamata wannan bayani ya sa kowa gudun asibiti ba. Waɗanda ke mutuwa a Afirka saboda jinkirin gano tarin fuka ko kansar mama sun fi waɗanda hoto ya cutar yawa nesa ba kusa ba. Sikanin da ake yi wa masu juna biyu da sauti yake aiki, na'urar MRI kuma da maganaɗisu, dukkansu ba su da irin wannan tururi. Wanda aka ɗauki hotonsa ko aka yi masa gashi daga waje ba ya komawa gida da tururi a jikinsa, yana iya ɗaukar 'ya'yansa ya ci abinci da iyalinsa.

Amma akwai abubuwan da ke hannun maras lafiya. Ya adana tsofaffin hotunansa ya riƙa zuwa da su, domin kada a maimaita abin da aka riga aka yi. Mace mai ciki, ko mai zaton tana da shi, ta faɗa kafin a fara. Kada mutum ya matsa wa likita sai an yi masa hoto don kawai yana da kuɗin biya, kada kuma ya kai kansa ɗakin hoto ba da takardar likita ba. 'Yan rakiya su tsaya a waje, wanda kuma aka nemi ya riƙe yaro ya nemi a ba shi rigar dalma. Ba rashin kunya ba ne mutum ya tambayi likita cikin ladabi ko hoton ya zama dole, ko kuma akwai wata hanyar.

Su kuwa gwamnatoci da masu asibitoci, darasin da tarihin Bloomsbury ke ba su shi ne cewa sayen na'ura rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne albashin masanin da zai riƙa auna ta, da kwangilar gyara, da tsayayyar wuta, da bajon ma'aikata, da rajistar da ke nuna inda kowane sinadari yake tun daga ranar da ya shigo ƙasa har ranar da aka mayar da shi ga masu shi. Waɗannan ba su cika fitowa a hoton bikin yanke kyalle ba. Amma kwamitin Landan na 1921 da dalma da agogo da takarda ya fara, kuma ko asibitin ƙaramar hukuma ba zai rasa waɗannan ukun ba.